Katangar maƙabartar coci ma kayan tarihi ce?

Kawu: Jama'a, wannan doka ta Ingila mai kare tsofaffin gine-gine ta ɗaure min kai. A kare cocin da ya shekara ɗari bakwai, na yarda. Amma katangar maƙabartarsa da ƙofa da shingen ƙarfe? Dutse ne kawai aka jera. In ta tsage, a rushe a ja waya.

Uwar Biyu: Kawu, ai doka ba ta raba su ba. Dokar 1990 ta ce ginin da ke cikin harabar gini mai rajistar kayan tarihi tun kafin 1 ga Yuli 1948, hukuncinsu ɗaya. Wasu katangun ma rajistar kansu gare su a kundin da hukumar kula da kayan tarihi, wato Historic England, ke riƙe da shi.

Kawu: To wa ke biya, ƴata? In an rufe maƙabarta an daina binnewa, dokar 1972 ta ba coci damar miƙa kulawarta ga ƙaramar hukuma, har da katanga. Harajinmu ke nan, mu da ko ƙofar cocin ba ma takawa.

Magini: Allah ya ja da ran Kawu, waya ba za ta yi ba. Shekaru aru-aru ana binne mutane a wuri guda, ƙasar ciki ta tashi ta fi titi tudu. Katangar ce ke tokare da ita. Ranar da ta faɗi, ƙasa da ƙasusuwa ne za su zubo kan hanya. Kuma da farar ƙasa aka gina ta. In ka liƙe da siminti, ruwa ya rasa mafita, ƙanƙarar hunturu ta farfasa dutsen. Tsadar daga nan take, masu iya aikin ba su da yawa.

Auta: Shingen ƙarfen kuwa ƙarancinsa ne ya ɗaga darajarsa. A Yaƙin Duniya na Biyu an bi gidaje da lambuna da coci-coci ana yanke su don aikin yaƙi. Na majami'ar St Paul ta Landan tun 1714 yake, a ƙauyen Lamberhurst aka zuba ƙarfensa, Christopher Wren da ya zana cocin ma bai so shi ba. A shekarun 1870 aka cire wani sashe, guntunsa yanzu yana lambun High Park a Toronto ta ƙasar Kanada.

Kawu: Ka ji! Mai ginin da kansa bai so ba, ku kuna kuka.

Uwar Biyu: Kawu ke nan!

Kawu: Maganar Magini ta shige ni, katanga mai tokare ƙasa a gyara. Amma kuɗin, masu cocin su nemo shi.