Wai ina amfanin takunkumin ECOWAS?

Dan_Maradi: Jama'a tun 2023 da sojoji suka kifar da Bazoum a Nijar CEDEAO (wato ECOWAS) ta rufe boda, Najeriya ta yanke mana wuta, kuɗin shinkafa ya tashi, to me aka samu?

Bakatsine: Ba komai wallahi ɗan uwa, talaka ne ya sha wuya har mu nan Jibiya kasuwa ta mutu, kuma a 2024 suka janye takunkumin, Janar Tiani da ya karɓi mulki na nan daram.

Hajiya_B: Amma ai ta yi aiki a Gambiya 2017, da Jammeh ya ga sojoji a bakin iyaka ba shiri ya fice.

Dan_Maradi: Hajiya Gambiya ƙarama ce. Kuma lokacin da Alpha Condé yayi tazarce a Gini ina suke?