Wane ESC ne amintacce a motar rimot ta hawan dutse?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da motar rimot irin ta hawan duwatsun nan, girman 1/10, injinta mai buroshi ne 550, ina sa mata batir LiPo 2S, wato mai sel biyu. ESC ɗin da ta zo da shi, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji daga batir, ya ishe ni wallahi. In na saki totur a kan gangara sai ta silale ƙasa maimakon ta tsaya cak, sannan in na ɗan taɓa totur kaɗan don in hau dutse a hankali sai ta fizga, ga kuma wanda ya fi damuna, idan taya ta maƙale tsakanin duwatsu ina murɗa sitiyari sai motar ta ɗauke gaba ɗaya na ɗan lokaci fitilar risiba, wato mai karɓar saƙon rimot, ta yi ƙifta sannan ta dawo. Na ga Hobbywing 1080, na ga Fusion, na kuma ga wasu marasa suna da aka rubuta musu 320A, wato amfiya 320. To wanne zan ɗauka? Ni dai wanda zai daɗe nake so.

Mai_Dalma:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa fara cire 320A ɗin nan daga ranka, lamba ce kawai a jikin kwali, kuma ko da gaskiya ce motar hawan dutse ba ta bukatarta. Wannan ba motar tsere ba ce, aikinta duk a ƙaramin gudu yake, 60A zuwa 80A na gaske ya wadatar da injin 540 ko 550.

Abin da za ka duba shi ne birkin riƙo, wato wanda ke kama motar da zarar ka saki totur, silalewar da kake gani rashinsa ne ko kuma an sa shi ƙasa sosai. A QuicRun 1080, wato Hobbywing 1080 ɗin da ka ambata, kana iya saita ƙarfinsa kuma kana iya saita yadda zai kama, farat ɗaya ko a hankali, kuma wannan na biyun mutane ba sa kula da shi alhali yana da muhimmanci, don in kana saukowa daga dutse mai tsayi birki ya kama farat ɗaya baya zai ɗaga motar ta wuntsila ta gaba. Ana saita shi da katin saiti ba sai ka yi ta ƙirga ƙyaftawar fitila ba, yana ɗaukar 2S da 3S, ruwa da taɓo ba sa damunsa. Ka sa shi a tsarin gaba da ribas kai tsaye, ba wanda sai ka danna baya sau biyu kafin ya shiga ribas ba, wancan na masu tsere ne. Ƙaninsa 1060 ma yana aiki amma saitinsa kaɗan ne, da 'yan fulogi ake canzawa.

Ni a ganina da injin da kake da shi yanzu 1080 ne amsar.

Ba_Buroshi:
Oga Mai_Dalma gaskiya ya faɗa amma ni in zan canza to in canza gaba ɗaya. Buroshi yana cinyewa, musamman in kana shiga ruwa da yashi, wata rana dole ka sake inji. Fusion inji marar buroshi da ESC ne a haɗe wuri ɗaya, ka rage wayoyi ka samu fili a cikin motar, kuma yana aiki da tsarin FOC wanda ke ƙoƙarin riƙe gudun da ka ba shi ko da nauyi ya ƙaru, taya na hawa dutse shi da kansa zai ƙara wuta, kana gangarowa ya rage. Motar za ta riƙa rarrafe kamar hawainiya. Wasu ba sa son hakan sun ce ba ka jin dutsen a yatsanka, wannan kam ra'ayi ne.

Gargaɗi ɗaya, kar ka sayi marar buroshi irin na motocin gudu wanda ba shi da sansa. A ƙaramin gudu bai san inda cikin injin yake ba sai ya yi ta karkarwa kafin ya tashi, fizgar da kake kuka da ita za ta ninka. Mai sansa ko FOC, irin AXE na Hobbywing, ko Mamba X na Castle da inji mai sansa. Illar Fusion kuma in ɓangare ɗaya ya mutu duka ka rasa.

Tsohon_Hannu:
Ku dakata, ɗaukewar da ya ce motar na yi ita ce babbar magana kuma ba wanda ya tsaya a kanta. Wannan BEC ne. A cikin ESC akwai ɗan ɓangaren da ke sauke wutar batir zuwa 5V ko 6V ya ciyar da risiba da sarbon sitiyari, wato ɗan injin da ke murɗa tayoyin gaba. Idan taya ta maƙale kana murɗawa sarbo yana zuƙar wuta fiye da abin da BEC zai iya bayarwa, wuta ta faɗi, risiba ta mutu ta sake tashi. Shi ne ƙiftawar da ka gani.

To ko wane ESC za ka saya duba BEC ɗinsa kafin komai. Na 1080 ana iya ɗaga shi daga 6V zuwa 7.4V, amma kar ka ɗaga sai ka tabbatar sarbonka da risibarka duka suna ɗaukar 7.4V in ba haka ba ƙonewa za su yi. In kuma sarbonka babba ne mai ƙarfi to BEC na ciki mai 3A zai iya kasawa, sai ka sa na waje, akwai na Castle mai 10A, ka zare jar waya daga fulogin ESC mai shiga risiba ka naɗe ta, don kar wuta biyu su haɗu. Kafasitar da ake soka wa risiba tana ɗan rage abin amma ba ta maganinsa.

Sauran kuma ƙanana ne amma su ke kashe ESC. Farin fulogin nan irin na Tamiya yana zafi yana sakewa, sa XT60 ka yi dalma mai kyau. Ka tabbatar saitin batir yana kan LiPo don ya yanke wuta kafin kowane sel ya sauka ƙasa da 3V. Ka daidaita totur da rimot ɗinka ranar da ka ɗaura shi, tsakiya da ƙarshen gaba da ƙarshen baya. Kuma in taya ta ƙi juyawa saki totur, inji a tsaye ana tura masa wuta shi ne lokacin da ya fi jan amfiya, nan ne komai ke ƙonewa ko da ESC ɗin na kirki ne. In inji na zafin da ba za ka iya riƙe yatsa a kai ba sa ƙaramin giya, wanda ke kan inji, mai ƙarancin haƙora.

Sabon_Shiga:
Allah ya saka da alheri. Sarbon nawa na canza shi da mai ƙarfi kuma tun daga nan ɗaukewar ta fara, ashe dalilin kenan. Zan ɗauki 1080 tunda injin yana da sauran rai. Baba Tsohon_Hannu BEC na wajen daga ina zan ɗauko masa wuta?

Tsohon_Hannu:
Daga wayoyin batir kai tsaye, a bayan fulogin XT60 na ɓangaren ESC, ja da ja baƙi da baƙi. Saita wutarsa ka auna da mita kafin ka soka shi a risiba.