Abin da aka tattara kan sensar injektan tsohuwar motar gas

Jama'a, ga taƙaitaccen abin da aka faɗa kan Golf mai injin 1.9 TDI da ke rasa ƙarfi, fitilar hita ta dashbod tana ƙiftawa. Abin da ake zargi shi ne sensar injekta, wato na'urar da ke sanar da kwamfutar motar lokacin da injekta ya fara fesa mai.

1. Kusan kowa ya ce a fara sa mata kwamfuta kafin a kwance komai.

2. Masu rewaya sun dage kan a duba wayar sensar da soket ɗinta. Zafin inji yana busar da robar wayar har ta tsage, ƙurar hunturu kuma ta cika soket. A goge, a auna da mita: lafiyayyar sensa tana ba da om (ma'aunin turjiyar lantarki) 80 zuwa 120. Wannan shawarar ta fi kwanta mini.

3. Sensar tana jikin injekta na uku ne, ba a sayar da ita daban. Idan ta mutu, sai a canza injektan gaba ɗaya, da sabuwar washarsa ta tagulla.

4. Kan injektan da za a saya, nan aka rabu. Wasu sun ce na Beljiyam daga Sabon Gari ko Panteka ta Kaduna ya wadatar, muddin an auna shi a gabanka. Wasu suka ce sabo kawai, ko da tsada.

5. A canza filtar mai, a guji gas ɗin bumburutu.