Rufe makarantu lokacin korona: shin sai da aka kai wata shida?

Abban Khalifa:

Assalamu alaikum. Malamai da ma'aikatan lafiya, ina da tambaya. A 2020 an rufe makarantun Najeriya daga 23 ga Maris, yawancin yara ba su koma aji ba sai wajen Oktoba. Amma tun watan Mayu aka fara sassauta wa kasuwanni, jiragen sama na cikin gida suka dawo a Yuli, har zaɓen gwamna aka yi a Edo a Satumba, yara na zaune a gida. Akwai hujjar lafiya da ta sa makaranta ta zo a ƙarshe? Kuma in wata annoba ta sake ɓulla, Allah ya kiyaye, me makaranta take buƙata takamaimai don kada a kulle ta? Lissafi nake so, ba zagin gwamnati ba.

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam, Abban Khalifa. Rufewar farko ba ta da laifi. An tabbatar da cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairu, a lokacin babu wanda ya san yadda take yi wa yara, ɗakunan gwaji kuma 'yan kaɗan ne a duk ƙasar. Gwamnonin Arewa maso Yamma da suka zauna a Kaduna kwana 30 suka ce. Matsalar ita ce kwana 30 ɗin nan sun ƙare ba tare da an faɗi sharaɗin komawa ba. Ba a ce in masu kamuwa suka sauko zuwa kaza za a buɗe ba, ba a ce makarantar da ta tanadi kaza za ta buɗe ba. Sai jiran sanarwa daga kwamitin shugaban ƙasa kan korona na Boss Mustapha kawai.

Dubi yadda aka yi da jarrabawar WAEC. A farkon Yuli aka ce za a fara ta a Agusta. Bayan kwana biyu Ministan Ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya fito ya ce makarantun tarayya ba za su rubuta ba. Kafin watan ya ƙare aka sake juyawa: 'yan ajin ƙarshe su koma 4 ga Agusta, a fara jarrabawa 17 ga wata. Wato yaron da ya yi wata huɗu da 'yan kai bai ga allo ba, mako biyu aka ba shi ya yi bita.

Sai kuma ƙa'idojin buɗewa da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar a Yulin, waɗanda suka nemi tazarar mita biyu tsakanin yaro da yaro. A nan ne lissafi ya ƙi. Ajin da aka saba ginawa mita 7 ne a mita 8, murabba'in mita 56 ke nan. Cire wurin malami da allo, ka ba kowane yaro murabba'in mita 4, yara 12 za su shiga. Ko da tazarar mita ɗaya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, da ƙyar ka wuce 35. Manufar ilimi ta ƙasa ma malami ɗaya ga yara 35 ta ce a firamare, amma wanda ya san makarantun gwamnati na cikin birnin Kano ko Zariya ya san aji mai yara 100 ba abin mamaki ba ne. Irin wannan ajin sai an raba shi uku. Zaman safe da na yamma kashi biyu kawai yake ɗauka, na ukun sai gindin bishiya ko rumfa, ko kuma kowane kashi ya riƙa zuwa a ranarsa. Kowanne aka zaɓa, malami ɗaya zai maimaita darasi ɗaya sau uku, kuma manhajar zango ba za ta ƙare ba sai an zaftare ta. Da an yi wannan lissafin tun Afrilu, an fitar da taƙaitacciyar manhaja mai karatu da rubutu da lissafi zalla, da 'yan firamare sun koma tun da wuri. Wata shidan nan ba a kafa rumfa ba, ba a ɗauki malaman wucin gadi ba.

Jami'o'i kuwa kada a ɗora wa korona duka. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki a Maris ɗin, ba ta janye ba sai 23 ga Disamba.

Duba-gari:

Malam Hedimasta ya gama da aji, bari in ɗauki ruwa, don nan ne yawancin makarantu suka faɗi.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya lita 5 ne ga kowane yaro a rana a makarantar je-ka-ka-dawo, lita 20 a ta kwana. Makaranta mai yara 1,200 tana buƙatar lita 6,000 kullum, wato jarka 240 mai lita 25. Ko wanke hannu kaɗai aka lissafa, sau uku a rana da rabin lita kowane wanki, lita 1,800 ne, jarka 72. Bokiti mai famfo da aka yi ta rabawa ba ya samar da ruwa, ajiyewa kawai yake yi. Makarantar da ba ta da rijiya ko burtsatse, a mako na biyu za ka tarar da bokitin a bushe, ko an kulle shi a ofis sai ranar da masu duba makarantu za su zo. Kuma bokiti ɗaya a bakin ƙofa bai isa ba: wanki na daƙiƙa 20, da buɗe famfo da matsawa, kusan rabin minti ne. Yara 1,200 a famfo ɗaya awa goma. A ƙalla kowane aji da nasa, da kwano a ƙasa mai tare ruwan datti.

Maganin goge benci da hannun ƙofa: kulorin mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari. In ruwan bilic na kanti ne mai kashi 3.5, awo ɗaya a awo 34 na ruwa. In garin kulorin ne mai kashi 70, kimanin giram ɗaya da rabi a lita ɗaya. A haɗa sabo kullum, a roba mai murfi, a inuwa, domin rana da zafi suna kashe ƙarfinsa. A fara wanke wurin da sabulu, sannan a shafa, a bar shi minti ɗaya a jiƙe. Kada a gauraya shi da wani maganin wanki, yana tayar da iska mai cutar da huhu.

Abubuwa biyu da aka kashe wa kuɗi a banza. Na farko feshin makarantu kafin komawa. Ginin da ya yi wata biyar a kulle babu ƙwayar korona mai rai a cikinsa, yara da malamai ne za su shigo da ita a numfashi. Kuɗin feshin da tagogi aka gyara da su, aka ɓalle waɗanda aka toshe da langa-langa don iska ta ratsa daga gefe zuwa gefe, da ya fi amfani. Na biyu na'urar auna zafin goshi. Yawancinsu an ƙera su ne su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 40 ba, kuma a inuwa, nesa da goshi kamar santimita 3 zuwa 5. Mai gadi ya tsaya da ita a tsakar rana, yaro ya taho a ƙafa goshi ya gasu, lambar da za ta fito ba abin dogaro ba ce. Ga shi yara da yawa masu korona ba sa zazzaɓi ko kaɗan, masu zazzaɓin kuma a watannin Agusta zuwa Oktoba galibi na cizon sauro ne.

Maman Ilham:

Ni ban yarda gaba ɗaya da Malam Hedimasta ba cewa da an koma da wuri. A Kano dai watan Afrilu da Mayu ba lokacin buɗe komai ba ne. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, da kansa ya ce an yi mace-mace kusan dubu a 'yan makonnin, kuma rabi ko fiye suna da alaƙa da korona. Yaro ba ya jigata, amma gidajenmu kaka da jika ɗaki ɗaya suke kwana, malamai da yawa kuma sun manyanta, ga hawan jini ga ciwon suga.

Inda na fi ganin gazawa shi ne abin da aka yi wa yaran suna gida. Darasin rediyo dabara ce mai kyau, amma ba ya aiki shi kaɗai. Yana buƙatar jadawali tsayayye da iyaye suka sani, da takardar aiki a hannun yaro, da Hausa ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, da wani babba da zai duba abin da aka rubuta. In babu waɗannan, hira ce kawai yaro yake ji. A ƙauye kuma da damina ta sauka, gona ta kwashe su.

Ciyarwa ma haka. Ma'aikatar jin ƙai ta Sadiya Umar Farouq ta raba shinkafa da wake da mai da ƙwai ga gidaje a madadin abincin makaranta, sama da naira miliyan 500, amma a Legas da Ogun da Abuja. Malaman makarantun kuɗi kuwa albashinsu daga kuɗin makaranta yake fitowa, da aka rufe ya tsaya cak, wasu suka kama wata sana'a ba su dawo ba.

Mafi muni shi ne kwashe almajirai. An loda yara a motoci ana mayar da su jihohinsu, da yawa ba a gwada su ba kafin tafiya. Kaduna ta samu fiye da 60 masu ɗauke da cutar cikin waɗanda aka kai mata, Jigawa ma ta samu da dama. A irin wannan annoba ƙa'ida ita ce a tsayar da mutane inda suke, a gwada, a killace kwana 14, sannan a yi tafiya. An yi ta a juye.

Ɗan Maraɗi:

Don kwatance: a Nijar an rufe a Maris ɗin, aka koma 1 ga Yuni. Najeriya ma a 2014, lokacin Ebola, an ɗage komawa zuwa 13 ga Oktoba, da aka ga cutar ta tsaya a Legas da Fatakwal sai aka dawo da ranar zuwa 22 ga Satumba. A wancan karon ɗagewar ta shafi duk ƙasar, amma an bi yadda cutar take tafiya. A 2020 kuwa ƙauyen da bai taɓa ganin mai korona ba hukuncinsa ɗaya da Legas.

Abban Khalifa:

Na gode ƙwarai. Malam Duba-gari, to yaushe ne rufewa take zama dole?

Duba-gari:

Ya danganta da cutar da kuma irin makarantar. Ga mai kama da korona, a fara da aji: in an samu yaro ɗaya, shi da waɗanda ke zaune kusa da shi su tafi gida, in ta bayyana a azuzuwa da dama ba tare da an gano mahaɗinsu ba, sai a rufe makarantar na tsawon kwanakin ƙyanƙyasar cutar (wato daga kamuwa zuwa fitowar alamu), a faɗi ranar dawowa tun ranar rufewa. Makarantar kwana ta fi wuya, domin sallamar ɗalibai watsa cutar ne zuwa garuruwa da yawa a yini ɗaya. Ga sanƙarau, mutum biyu da aka tabbatar a mako guda a rufaffen wuri irin wannan sun isa a yi wa kowa rigakafi, a rage cunkoson ɗakin kwana, a buɗe tagogi ko da hunturu ne. Ga mashaƙo (diphtheria), a ware mai ciwon, a ba waɗanda suka yi cuɗanya da shi magani, a duba katin rigakafin kowa. A duk ukun, hedimasta ya riƙe rajistar waɗanda ba su zo ba da dalilinsu, ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar da ya ga yara uku ko huɗu na aji ɗaya sun kwanta da alamu iri ɗaya, ba sai ƙarshen mako ba.