Allurar mofin ta sa ƙanina ƙaiƙayi, shin alaji ne?

Maman Hanif:
Salam yan uwa. Dan Allah masu ilimin lafiya ina neman haske. Ƙanina sikila ne shekararsa 19, watan jiya ciwon ya tashi cikin dare muka kai shi asibiti aka sa masa ƙarin ruwa aka yi masa allurar mofin, ciwon kam ya lafa Alhamdulillah amma ko rabin awa ba a yi ba ya fara susa, fuska da wuya da hanci kamar wanda aka watsa wa ƙaiƙayi, fatar ta ɗan yi ja, ya yi amai sau ɗaya. Numfashinsa lafiya lau, babu inda ya kumbura. Nas ɗin da ke aiki ta rubuta a folda wai yana da alajin mofin. To shekaranjiya da muka koma sai suka ƙi ba shi, farasitamol da diclofenac kawai, yaron nan har asuba yana kuka wlh. Tambayata shin tramadol ko fenta (pentazocine) ko kodin duk abu ɗaya ne da mofin ɗin? Wanne zai iya sha?

Bakatsine:
Allah ya ba shi lafiya Hajiya. Ni ma da aka min aikin kaba haka na kwana ina susa, da safe ya wuce. Ki siyo masa tramol a kemis ki ajiye a gida kawai, ya fi sauƙi.

Famasist Sadiq:
Bakatsine dan Allah a'a, wannan shawarar kam kar a ɗauka, zan dawo kanta.

Hajiya abin da kika kwatanta ya fi kama da abin da muke kira alajin ƙarya. Mofin da kodin da fetidin suna da halin tsokano wasu ƙwayoyin jiki su saki wani sinadari, histamin, shi ke kawo ƙaiƙayi da jan fata da ɗan ɗumin jiki, ba wai garkuwar jiki ce ta ƙi maganin ba, kuma yawanci da yawan abin da aka bayar da saurin tura allurar yake tafiya. Amai da jiri da taurin bayan gida su kuma illolin maganin ne na yau da kullum, kusan kowa zai iya samu. Alaji na gaskiya ga wannan dangin magani ba shi da yawa ko kaɗan, amma idan ya zo ba wasa: leɓe ko harshe ya kumbura, maƙogwaro ya shaƙe, numfashi ya sarƙe yana fito, borin jini ya rufe jiki, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Wannan allurar adrenalin ake yi nan take.

Batun wanne ya yi kama da wanne kuwa, gida-gida ne. Mofin, kodin, dihydrocodeine wanda kuka sani da DF118, da oxycodone duk yan ɗaki ɗaya ne, shi kodin ma sai hanta ta juya wani ɓangarensa ya koma mofin sannan yake aiki, don haka wanda ya yi alajin mofin na gaskiya kodin ba mafita ba ne, kuma a lura co-codamol akwai kodin a ciki mutane da yawa suna ɗauka farasitamol ne zalla. Fetidin da fentanil gidansu ɗaya, daban da na mofin, methadone shi ma daban. Fentanil ba ya cika sakin histamin shi ya sa likitoci kan koma gare shi, sai dai ba kowane asibiti ke da shi ba. Fetidin kuwa ba ma son sa ga yan sikila, idan aka yi ta maimaitawa wani abu da yake rikiɗewa ya zama yana taruwa a jiki ya kawo jijjiga, balle in ƙoda ta yi rauni.

Ki nemi ganin likitan jini da ke duba shi a asibitin sikila, ba ranar da ciwo ya tashi ba, ranar da yake lafiya. Ki faɗa masa daidai yadda kika rubuta nan, minti nawa bayan allurar, me ya fito me bai fito ba. Shi ne zai iya gyara rubutun foldar nan, wani lokacin a rage yawan maganin ko a tura shi a hankali ko a haɗa da maganin ƙaiƙayi a ƙarƙashin kulawa. Kar ki ba shi Piriton, maganin ƙaiƙayin nan, da kanki a kan mofin, duka biyun suna sa barci.

Ummu Sikila:
Ni SS ce shekarata 31, abu ɗaya zan ƙara, ki yi hankali da fenta, pentazocine nake nufi ba fentanil ba. Tana da arha kuma ko ina ana samu, to nan ne matsalar, na san yan uwanmu da suka saba da ita suna yi wa kansu a cinya har wajen ya taurare ya zama gyambon da baya warkewa, ga mutane na kallon mu yan ƙwaya dama can. Kuma diclofenac ɗin nan kullum kullum shi ma ba lafiya ba ne gare mu, ƙoda da olsa, likitana kwana kaɗan yake yarda in sha.

Famasist Sadiq:
Gaskiyarki Ummu. Kuma fenta ba a haɗa ta da mofin, tana iya rage masa ƙarfi. Na ce zan dawo kan tramol, wato tramadol: ginin sa ya bambanta da na mofin amma wuri ɗaya suke kamawa a ƙwaƙwalwa, takardar cikin kwalinsa ma ta hana mai alajin wannan dangin sha. Yana iya tada farfaɗiya, yana faɗa da wasu magungunan damuwa. Wanda hukumar NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100, mai 225 ɗin nan da ake saidawa a bayan tasha haramtacce ne. Farasitamol kuma kar babba ya wuce giram 4 a rana.

Maman Hanif:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Wlh har na aiki yaro kemis sai na kira shi ya dawo. Ranar Talata ce ranar ganin likitansu, zan tafi da foldar. Malam Sadiq in likitan ya ce a sake gwada mofin ɗin, sai an kwantar da shi ko a kujera ma ana yi?