Karanta sakamakon jarrabawar bai-ɗaya ta jiha

A zaman iyaye da malamai a Tudun Wada, Kaduna, shawarar da ta fi yawa ita ce kada a tsaya kan jimillar maki, a bi darasi-darasi. Yaro kan faɗi lissafi don Turancin tambayar ya sha masa kai, alhali ya iya lissafin. Wata malama ta ce samun kashi 60 daban, matsayin yaro cikin takwarorinsa na ƙananan hukumomi 23 daban. Kada kuma a auna da ma'aunin WAEC, inda C6 take kiredit. Tunda a lokacin jarrabawar jihar sabuwa ce, babu sakamakon baya da za a kwatanta. Ni dai na fi gamsuwa da dattijon da ya ce a kai takardar wurin malamin aji kafin a ɗauko bulala.