Ƙullutun da muka aika gwaji ya ruɓe daga ciki: laifin rini ne ko na fomalin?

Ma'aikaciyar Tiyata ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina aikin jinya a ɗakin tiyata na wani asibitin ƙaramar hukuma da ba shi da sashen binciken tsoka, saboda haka duk ƙarin da aka cire sai mu sa shi a kwalba, mu ba dangin majinyaci su kai asibitin koyarwa. Kwanan nan sakamakon wani babban ƙullutun mama ya dawo da bayanin cewa gefensa ya karantu, amma tsakiyarsa ya ruɓe, rini bai kama shi ba. A cikin fomalin, wato ruwan maganin da ke hana tsoka ruɓewa, muka aika shi kamar kullum. Shin rinin nasu ne ba shi da kyau, ko kuwa tun daga wurinmu matsalar ta faro?

Malamin Ɗakin Gwaji ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Da rinin ne ya lalace, da gefen ma bai karantu ba, tunda tsoma guda ake yi wa gilashin da aka shimfiɗa yankan tsokar a kai gaba ɗayansa. Abin da kika kwatanta alama ce ta cewa fomalin bai kai tsakiya a kan lokaci ba. Daga lokacin da aka raba tsoka da jini, sinadaran da ke cikin ƙwayoyinta sukan fara narkar da ita, kuma zafi irin namu yana ƙara wa wannan aiki sauri. Shi kuwa fomalin a hankali yake ratsawa, kamar milimita 1 a awa, yana ƙara jinkiri yayin da yake nitsawa, don haka ƙullutu mai kauri zai taurare a waje alhali cikinsa yana ci gaba da lalacewa.

Ki duba yawan ruwan da kuke zubawa. Ƙa'ida ita ce fomalin ya ninka girman tsokar sau 10 a ƙalla, amma sau da yawa sai ka ga an cusa nama a kwalbar da ya cika ta, an ɗan yayyafa ruwa a kansa. Kwalbar ma ta zama mai faɗin baki, domin tsokar da ta shiga da laushi takan fito da tauri, har sai mun fasa kwalbar kafin mu ciro ta. Sannan fomalin da ake sayarwa a jarka mai ƙarfin kashi 37 zuwa 40 ne, ba a zuba shi haka. Awo 1 ake haɗawa da awo 9 na ruwa, shi ne ake kira fomalin na kashi 10.

Abin da muke yi bayan haka ba ya gyara ɓarna. Mukan tsotse ruwan tsokar da alkohol mataki-mataki daga kashi 70 zuwa 100, mu wanke alkohol ɗin da wani sinadari mai suna zailin, mu dasa ta cikin kakin farafin, sannan mu fere ta da na'ura zuwa kaurin maikuron 3 zuwa 5 (maikuron 1,000 ne milimita 1), mu shimfiɗa a ruwan ɗumi mu kwashe da gilashi. Sai rini: hematoksilin, wanda ake samu daga wata bishiya ta ƙasar Meziko da maƙwabtanta, yana mai da cibiyar ƙwayar halitta shuɗiya, iyosin kuma yana ba sauran jikinta launin hoda. Idan cibiyar ta riga ta narke, hematoksilin ba shi da abin kamawa, sai likita ya ga dusu-dusu kawai a madubin ƙara girman abu.

Likitan Binciken Tsoka ta amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai a kan mama musamman ina da ƙari. A yau aikinmu bai tsaya ga cewa sankara ce ko ba ita ba ce. Ana kuma yin rini na musamman don a ga ko ƙwayoyin ƙarin suna ɗauke da wasu sunadarai da ake kira alamomin ER, PR da HER2, kuma da wannan ne ake yanke shawarar ko maganin tamoksifen ko tarastuzumab zai amfani matar. Waɗannan alamomi sun fi siffar ƙwayar saurin gushewa. Shi ya sa ƙa'idar da ake bi ta ce tsokar ta shiga fomalin cikin awa 1 da cire ta, ta zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Idan aka saɓa, gwajin yana iya nuna babu alhali akwai, a hana mace maganin da ya dace da ita, wanda a ganina ya fi ruɓewar da ido ke gani haɗari.

Ki roƙi likitan tiyatarku ya tuntuɓi sashen da kuke aika wa, a nuna masa yadda zai shafa wa gefen ƙullutun tawada, ya tsattsaga shi kamar burodi da tazarar santimita 1 ba tare da ya raba yankan ba. A rubuta lokacin cirewa da lokacin sa fomalin a takardar, kuma kada samfurin ya kwana biyu a gidan dangi kafin a kama hanya.

Ma'aikaciyar Tiyata ta sake rubutawa:

Na gode, Malam da Likita, Allah ya saka da alheri. To idan fomalin ya yanke mana fa, mu sa a ruwan gishiri ko a firiza?

Malamin Ɗakin Gwaji ya amsa:

Firiza kam a'a, Malama, domin ƙanƙara tana huda ƙwayoyin, ta bar ramuka a ko'ina cikin yankan. Ruwan gishiri kuma ba ya tsayar da ruɓewa ko kaɗan. Amfaninsa ɗaya shi ne idan ana zargin tarin fuka a kaluluwa, sai a raba ta biyu, rabi a fomalin, rabi a ruwan gishiri mai tsabta don a raini ƙwayar cutar a ɗakin gwaji a gano ta, tunda fomalin kashe ta yake yi. Idan dole ta kama, ki naɗe tsokar da gozi mai ɗan danshi, ki sa a firji na ɗan lokaci kaɗan har a samo fomalin, ki kuma rubuta hakan a takardar. Amma tiyatar da ba ta gaggawa ba, gara a duba jarka tun kafin a shigo da majinyaci.